Baba Saje Ya Tafi, Auta Bai Sani Ba

Na Allah ne mu, kuma gare Shi komawarmu take.

Da hantsin ranar Laraba, sha tara ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin matata, wanda kowa a unguwa ya sani da Baba Saje. Ya cika a kan kujerarsa, a shagonsa na gyaran rediyo, bayan ciwon zuciya da ya daɗe yana ɓoye mana girmansa. Telan da ke jikin shagon ne ya fara lura. Ya ce ya ji faifan garmaho ya ƙare, allura tana ta karta ba a ɗaga ba. Nan ya gane ba lafiya, domin ya san Baba ba ya barin allura ta ci masa faifai ko da wuta ce ta kama rigarsa.

Baba, har yanzu hannuna bai yarda ya rubuta sunanka da "marigayi" a gaba ba.

Ina tuna ranar da na fara zuwa gaishe ka, ina neman babbar 'yarka. Na sha wanka, na shirya amsar duk tambayar da uba zai yi wa saurayi. Ba ka tambaye ni aikina ba, ba ka tambayi gidanmu ba. Ka zaunar da ni a benci tsakanin gawarwakin rediyoyi, ka ɗora faifai, ka ce in gaya maka kayan kiɗan da nake ji. Na kasa kunne har gumi ya keto mini, na ce ganga. Ka jira. Na sake cewa ganga. Ka girgiza kai ka ce, "Ashe kurma ne. To ba komai, ni ma kunne ɗaya gare ni, za mu zauna lafiya." Da wannan dariyar na shiga gidanka, ban kuma taɓa jin ni bare ne a cikinsa ba.

Kunnen hagun a wurin yaƙi ka baro shi. Son kiɗa ne ya kai ka soja tun kana matashi. Ka shiga 'yan badujala kana busa bigila, kana ganin duniya ta gama yi maka komai. Da yaƙi ya ɓarke aka karɓe bigilar aka miƙa maka bindiga, sai in za a binne wani a mayar maka da ita. Ba ka ba da labarin abin da ka gani. Sau ɗaya na matsa, ka ce mini, "Na yi wa yara da yawa busar sallama, waɗanda ko gemu ba su fara ba." Daga nan ka tashi ka sauya faifai. Bigilar tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonka, ba wanda ya taɓa jin muryarta a gidan.

Amma gidanka bai taɓa rasa sauti ba. Da fito kake aske gemu, da fito kake ɗaura igiyar takalmi. Matarka Mama kuwa Kwamanda kake ce mata. In ta aike ka cefane sai ka ƙame, ka sara mata, ka ce, "An gama, ranki ya daɗe," ta bi ka da harara tana danne dariya. Shekarar da ɓarin jikinta ya shanye, kai ka koma ƙafarta da hannunta. Kai ne wanki, kai ne girki, kai ne ɗaurin ɗankwali, ko da yake kullum a karkace yake fitowa. Abokanka suka yi ta yi maka tsiya wai an mayar da Saje kuku, ka ce ai ƙarin girma ne. Jikoki kuma ranar Asabar tasu ce: ka jera su a tsakar gida da murafan tukwane da cokula, 'yata ƙarama da kake kira Uwargida tana gaba, a yi ta fareti har Mama ta ce za ta kori rundunar gaba ɗaya.

Ranar da Auta, ɗanka namiji tilo, ya zo ya ce an ɗauke shi aikin soja, shagonka ya wuni shiru. Maƙwabta suka yi ta leƙowa ko lafiya. Ba ka yi masa faɗa ba, ba ka kuma sa albarka nan take ba. Sai ranar tafiyarsa muka fito muka tarar da kai a bakin ƙofa kana goge masa takalma da hannunka. Ka miƙa masa, ka ce, "Ka riƙa sauya safa. Ka riƙa kiran uwarka. Allah Ya tsare." Ya juya ya tafi, ka tsaya kana kallon hanyar har bayan ya ɓace.

Tun farkon bana al'amura suka soma sauyawa. Motocin soja suka riƙa wucewa ta gaban shago, su tafi da gudu, su dawo a hankali a lulluɓe da tamfol. Duk wadda ta zo sai ka ajiye aiki ka fito kana duba fuskoki. Mutane suka yi ta zaƙulo tsofaffin rediyoyinsu suna kawo maka gyara, kowa na son jin labarai. Ka ce mini tunda ka buɗe shagon ba ka taɓa ganin ciniki irin wannan ba, ba ka kuma taɓa ƙin ciniki kamarsa ba.

Sai kuma ƙarar nan da ke tasowa daga bayan duwatsu da la'asar. Mata suka ce hadari ne, ka ce ƙwarai kuwa, a kwashe shanya. Kana faɗa kana ƙara wa garmaho murya, ka kira jikoki ka ce a zo a yi rawa. Wata rana da suka shagala, ka ja ni zaure, ka juyo mini da kunnenka mai ji, ka ce, "Ɗana, wannan ba tsawa ba ce. Tsawa birgima take yi, wannan faɗuwa take. Kuma makon jiya ta fi haka nisa."

A cikin kwanakin ne wayar Auta ta daina shiga. Ka gaya wa Mama layi ne ba kyau a inda suke. Ta ce to. Na tabbata kowannenku ya san ɗayan ya sani. Fitonka na safe ya ɗauke. Matata ta shiga share ɗakinka ta same ka ka buɗe akwatin ƙarfen, ka ɗora bigilar a cinya kana goge ta da tsumma. Ba ka busa ba. Ta fito tana kuka, sai da yamma ta gaya mini dalili.

Maganarmu ta ƙarshe a kan mota ce. Ka ce in riƙa barin ta da mai, in juya ta ta fuskanci ƙofa. Ka gaya mini hanyar da zan bi in gudu ya kama, da wadda ko kusa kada in bi, da inda za a zaunar da Mama saboda ƙafarta. Na ce, "Baba, kai fa?" Ka ce, "Dole wani ya tsaya ya buɗe wa Auta ƙofa."

Shekaranjiya muna zaune karɓar gaisuwa sai ga motar soja ta tsaya a ƙofar gida. Mama, wadda sai an kama ta take tashi, ta miƙe da kanta. Mutum biyu ne suka shigo, huluna a hannu, suka ce sun ji rasuwar tsohon ɗan'uwansu ne suka zo gaisuwa. Mama ta amsa, sannan ta ce, "Yarona fa?" Babban ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ya ce, "Mama, rundunarsu ta yi gaba. Ba mu samu magana da su ba tukuna." Ba su daɗe ba suka tafi. Kafin magariba ƙarar ta dawo, har gilashin taga ya amsa. Uwargida ta dube ni ta ce, "Abba, ruwa za a yi?" Na jawo ta jikina.

Gidaje da dama a layinmu sun riga sun sa kwaɗo. Na yi wa Mama maganar tafiya, ta ce in kwashe yara in na ga dama, ita tana nan.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Abin da idonsa ya gani bakinsa ya kasa faɗa, Ka sauke masa nauyinsa. Ka saka masa da Aljanna saboda tausayin da ya yi wa iyalinsa. Mu da ya bari, Ka rufa mana asiri, Ka kawar mana da abin da ke matsowa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da matata da ƙannenta mata, da jikoki, da abokansa tsofaffin sojoji, da maƙwabtan shago. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Kai kuwa Auta, ban yi maka taka ta'aziyyar ba. Na ajiye ta. Allah Ya dawo mana da kai da ƙafafunka, in zaunar da kai, in gaya maka da bakina.