Ranar da Baba Idi Ya Sake Jin Kukan Inji

Ban taɓa mantawa da Alhamis ɗin da na karya dokar maigidana da hannuna ba, kuma wallahi ko yau aka mayar da ni can sai na sake karyawa. Ku da kuka shigo sana'ar nan yanzu, kowa da wayarsa a aljihu, ba ku san yadda gidan gem yake a da ba. Bari in faro muku daga tushe.

Shekarun nan ne da man fetur ya yi daraja a duniya, kuɗi ya zubo ƙasa, duk inda ka waiwaya gini ake yi. Tifofi na kwasar yashi daga kogin Wudil suna nufar Kano, wannan na bin wannan. Maigidana, wanda kowa ke kira Oga, ya kama shago a Sabon Garin Wudil, ya zuba talabijin huɗu da na'urorin gem da benci-benci, ya naɗa ni manaja. Kada sunan ya ruɗe ku. Manajan shi ne mai shara, shi ne mai tayar da janareto, shi ne mai raba faɗa. Da safe in goge faya-fayai, in gwada hannuwa, wato abin nan da ake riƙewa ana dannawa, sannan in riƙa rubuta sunayen masu jiran layi a allo. Wanda aka cinye ya miƙa hannu ga na bayansa, babu roƙo.

Doka ɗaya ce Oga ba ya wasa da ita: ba a kunna sauti. Bangonmu ɗaya da wata makarantar Islamiyya, kuma da wannan sharaɗin mai unguwa ya yarda a buɗe shagon. Tun ranar farko Oga ya kashe sautin kowace talabijin, ya manne maɓallan da salatif, ya kulle rimot a durowa ya ba ni makulli. Muka saba, har muka manta gem yana da murya.

Akwai wani faifai da ya fi kowanne farin jini. Rubutunsa duk na wani harshe ne da babu mai iya karantawa a cikinmu, sai muka sa masa suna Mai Rikiɗa. Wani ƙaton mutum-mutumi ne na ƙarfe mai bindiga a kowace kafaɗa. In ka danna wani maɓalli sai ya naɗe hannuwa da ƙafafu ya koma babbar mota. A kansa masu wasanmu suka rabu biyu. Akwai 'yan tsaye, jagoransu Nazifi, ɗalibin jami'a mai bakin tsiya, waɗanda suka ce daɗin wasan duk a harbi yake, rikiɗar nan ado ce kawai. Akwai 'yan mota, jagoransu Gambo mai facin taya, da ke cewa wanda bai iya rikiɗa a guje ba bai fara wasa ba tukuna.

Abin da ya haɗa su rigima kullum shi ne matakin gada. A nan dole ka koma mota, ka ɗauki wani abokin yaƙinka da aka raunata, ka haye da shi wata doguwar gadar ƙarfe mai hawa, ana yi maka ruwan harsashi. Mutum biyu ke yi, ɗaya na tuƙi ɗaya na harbi daga saman motar. Wata uku babu wanda ya wuce tsakiyar gadar. Sai kawai motar ta tsaya cak, ta kama da wuta.

"Ha'inci ne!" in ji Nazifi. "Masu yin wasan nan ba su so a wuce. Wannan ai akwalar mota ce."

"Kai ne akwala," in ji Gambo. "Gudu ne bai isa ba."

Wasu suka ce faifan ne ya karce. Na goge shi da riga, na goge da auduga, har man goge baki wani ya kawo. Wasu kuma suka ce faifan bara ya fi, sabon nan an ɓata shi. Kullum sai na yi musu tsawa, ni kuwa kun san ni, ba na ɗaukar hayaniya.

To, a bakin ƙofarmu akwai wani dattijo mai teburin katin waya, Baba Idi. Tsohon direban tifa ne, ya fi shekara ashirin yana ɗaukar yashi, har ranar da mota ta kife da shi aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Abokan aikinsa ne suka kafa masa teburin. Tun da na san shi, bayan gaisuwa ba ya ƙara kalma. In tifa ta zo wucewa sai ya kau da kai ya kalli bango. Shugaban direbobi ya zo har sau biyu a gabana yana roƙonsa ya karɓi aikin kula da layin motoci a bakin kogi, a zaune zai yi, ya ƙi ko ɗaga ido. Mutum yana ta ramewa muna gani. A makon da abin ya faru ne yayansa ya tsaya a bakin shagonmu ya ce masa, "Idi, tunda ka ƙi aiki ka ƙi magana, ran Juma'a in an sauko daga masallaci zan zo da mota mu koma Dagumawa. Ka zauna a ɗaki, ya fi mini wannan." Baba Idi ya ci gaba da jera katinansa. Ni dai raina ya ɓaci, don na san in ya shiga ɗakin nan ba zai sake fitowa ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar, Gambo na kan tuƙi, motar ta sake kamawa da wuta, Nazifi ya sake cewa akwala. Sai muka ji murya daga ƙofa.

"Ba akwala ba ce. Kai kake kashe ta."

Muka waiwaya. Baba Idi ne tsaye a kan sandunansa. Ashe ta taga yake kallonmu duk watannin nan.

"Baba, ai gudu take so," in ji Gambo.

"Da kaya a bayanka, a kan hawa, ka danne mata wuya tun daga ƙasa? Wa ya koya maka?" Ya juyo gare ni. "Hamisu, ina kukanta?"

Na ce, "Baba, wane kuka?"

"Kukan inji mana. Yaya mutum zai tuƙa mota bai ji abin da take gaya masa ba?"

Kai, jama'a! Kunya ta kama ni. Wata uku muna zagin mutanen da suka yi wasan, ba wanda ya taɓa tunanin mu ne muka toshe masa baki. Na taɓa makullin a aljihuna. Na san halin Oga, ya taɓa korar wanda na gada a kan ƙaramin abu. Amma wannan ne karon farko da na ji Baba Idi ya haɗa jimla uku, kuma gobe Juma'a. Na tuna Alhamis ce, Islamiyya ba karatu. Na buɗe durowa, na ɗauko rimot, na ɗaga sautin kaɗan.

Inji ya yi gurnani a cikin shagon. Baba Idi ya runtse ido kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi.

Gambo ya tashi da kansa ya ba shi wuri, ba wanda ya yi maganar layi. Na nuna masa: wannan totur, wannan birki, wannan sitiyari. Yatsunsa manya ne, sun yi kanta, yana danna ɗaya biyu na dannuwa. Karon farko ya faɗa kogi tun kafin ya hau gadar. Wani ya fara dariya, na harare shi, ya haɗiye abarsa. Karo na biyu ya daki ƙarfen gefe. Ya ajiye hannun a cinya ya ce, "Ka bar shi, ɗana. Na tsufa." Ya fara lalubar sandunansa.

Wanda ban zata ba shi ya tare shi. Nazifi ya ɗauki hannu na biyu ya zauna kusa da shi. "Baba, ni zan hau sama in tare miki... in tare maka harbin," har bakinsa na sarƙewa. "Kai dai ka kai mu. Ka ga mara lafiya muka ɗauko."

Baba Idi ya dube shi, ya sake ɗaukar hannun. Ya yi bisimilla, ya karanta addu'ar hawa mota a hankali. Ya taɓa birki sau biyu kafin ya motsa, yadda direbobin kaya ke yi. Sannan ya tashi motar sannu-sannu, har Gambo na cizon yatsa don haushi. Da suka fara hawa, kukan injin ya soma sirancewa yana ɗagawa sama. Baba Idi ya karkata kai, ya saki totur. Kukan ya sauko. Ya sake ba ta kaɗan. Ashe duk sirrin ke nan: injin na zafi, yana faɗa da bakinsa, mu ba ma ji.

Ni ba talabijin nake kallo ba. Ƙafarsa nake kallo. Duk lokacin da zai ba ta wuta, sai dungulmin nan ya motsa a cikin wando yana neman totur. Wallahi sai da idona ya cika, na juya kamar ina gyara wayar talabijin.

Suna tsakiyar gada, daidai inda kowa ke mutuwa, Oga ya shigo.

"Hamisu! Me nake ji haka?"

Na tare shi a ƙofa na rage murya. "Alhaji, laifina ne, ni na buɗe. In kora ce na yarda. Amma don Allah ka bari su sauka daga gadar nan."

Ya leƙa ta kafaɗata, ya ga wanda ke zaune. Sannan ya ce, "Idi ne wancan?" Na ce shi ne. Ya cire hularsa ya share goshi, ya tsaya a nan bai ƙara taku ba.

Nazifi na harbi yana gumi, Baba Idi na cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri, saura kaɗan," kuma da motar yake. Tayoyin gaba suka taɓa ƙasa a ɗaya gefen. Motar ta miƙe ta koma mutum-mutumi, ta sauke abokin nan a hankali. Shagon ya kaure da ihu, 'yan tsaye da 'yan mota na rungumar juna, na manta ma aikina ne in hana. Baba Idi bai yi ihu ba. Ya tambayi Nazifi, "An sauke shi lafiya?" Nazifi ya ce, "Lafiya lau, Baba." Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Oga ya karɓi rimot ɗin daga hannuna ya kashe sautin. Ya ce, "Alhamis da Juma'a kawai, kuma kada ya wuce haka. Zan gaya wa mai unguwa da bakina." Bai ƙara tayar da maganar ba.

Na raka Baba Idi teburinsa. Muna isa wata tifa ta taho da lodin yashi. Na jira ya kalli bango kamar kullum. Sai na ga ya bi ta da kunne, ya ɗaga sanda yana kwaɗa wa direban kira: "Kai! Tsaya! Bel ɗin injinka ya saki, ba za ka kai Kano ba!" Direban ya tsaya, ya buɗe, ya tarar haka ne.

Washegari bayan an sauko daga masallaci yayansa ya zo da mota, ya tarar da tebur a rufe. Ya tambaye ni ina Idi. Na ce tun da hantsi ya sa Gambo ya kai shi bakin kogi a babur, ya je karɓar aikin nan na layin motoci. Yayan nasa ya zauna a bencinmu ya rufe fuska da hannun riga, na kawo masa ruwa.

Shekara takwas na yi a shagon nan, na ji ra'ayi iri-iri a kan wasanni, kowa na rantsuwa shi ne gwani. Abin da na koya shi ne, masu cika baki a kan wasa yawanci ƙaunarsa ce ke sa su, kuma in ta kai ta kawo suna da zuciya, ga Nazifi shaida. Na kuma koyi in riƙa duba abin da mu muka kashe da hannunmu kafin in ce abu ya lalace. Ku kuma in kun ga wani yana yawan tsayawa a taga, kada ku kore shi. Ku tambaye shi abin da ya gani.