Hamadu Buba uku a layi ɗaya

Jama'a, yau kwamfutata ta haɗiye mutum biyu, kuma sun biyo ni har ofis!

Kun san aikina a Garwa, rumbun bayanan rigakafin shanu, wanda ke nuna komai ta gari, ta wata, ta mai garke. Sati guda na yi ina tsara ƙa'idojin loda bayanai, har idona ya yi ja. Ɗaya daga ciki ta ce in suna da gari da ranar haihuwa sun zo ɗaya, maimaici ne, a bar guda.

Da hantsi sai ga dattawa uku daga wajen Bibemi. Garkensu uku, allurar garke ɗaya aka kai musu. Na karɓi katin shaidarsu. Hamadu Buba, Hamadu Buba, Hamadu Buba! Ba mai ranar haihuwa, shekara ɗaya kawai aka kintata musu, na'ura kuwa ta ba kowa ɗaya ga Janairu.

Shef ɗinmu, wato shugaban ofis, ya ce, "Ƙara sunan uwa." Na tambaye su. Duk suka sunkuyar da kai, ba mai kiran sunan mahaifiyarsa a gaban mutane.

Can babbansu ya ce, "Ɗana, tambayi sunan saniyar da ke jan garke. Tawa Wule, tasa Woɗe, ta wancan Ɓale."

Na gyara ƙa'idar, na ƙara sunan saniya, na sake lodawa. Mutum uku suka fito ras!

Shekara biyar ina karatun kwamfuta, ƙarshenta saniya ce ta raba gardama. Wallahi na gaji.