Mai Hamsin Ya Faɗa Musu Tun Kafin Wutar Ta Ɗauke

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Maris, maiɗakinka ta kira ni ta ce ka cika. Hawan jini ne, in ji likita. Ni da na yi shekara sha tara kujerata na jikin taka a ɗakin kula da layukan wuta, na san abin da ya hawar da jinin.

Mai Hamsin muke ce maka, don muddin kana bakin aiki, allurar mita ba ta gusawa daga kan hamsin, inda ya kamata ta tsaya. Ranar da na kashe wa unguwa guda wuta bisa kuskure, kai ka je ka ce umarninka na bi.

Da za a haɗa sabuwar tashar hasken rana da babban layi, ba wanda ya kai ka murna. Abu ɗaya ka roƙa, a kawo batura tukuna. Ka ce wa manaja, "Ranka ya daɗe, in hadari ya rufe rana da azahar, wutar za ta faɗi kafin injuna su tashi." Ya yi dariya, wai tsufa ya sa ka tsoron sabon abu. Sau uku kana rubuta masa takarda. Aka buɗe tashar, aka sha hotuna.

Bayan wata biyu hadarin ya zo. Gari ya yi awa tara ba wuta. Kwamitin bincike ya zauna, takardunka suka yi ɓatan dabo daga fayil, aka ce sakacinka ne. Aka sallame ka saura wata bakwai ka yi ritaya. Manajan nan, da ka koya wa aiki yana sabon ɗauka, shi ya sa hannu.

Ni ma an tambaye ni ko na taɓa ganin takardun. Ni na buga maka su. Na tuna 'ya'yana, na ce ban tuna ba. Da na zo gidanka, da kanka ka jawo mini kujera, ka ce, "Ƙanena, ya yara?"

Jiya manajan ya zo gaisuwa, har da share hawaye. Yau motar batura ta shigo harabar tashar. Kwafin takardun yana hannuna, gobe zan kai su gaban kwamiti, duk abin da zai faru da ni ya faru.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya haskaka makwancinka. Ga maiɗakinka da 'ya'yanka, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Ni kuma ku yafe mini, ban kai ga roƙonsa gafara ba.