Ƙirjin Helma a Takarda

Damina ta zagayo tun da abin ya faru, amma har yanzu in na ji warin gawayi a dutsen guga sai in bar wurin.

Baba tela ne a Tudun Wada, yana cikin waɗanda suka fara kafa gida a nan bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya. Ɗinkin gargajiya ya iya, wanda ake jera ƙyalle miƙe a haɗa, ba a zubar da komai. Ni kuwa an sa ni makarantar 'yan mata har na kai ajin sama, inda wata Baturiya ta koya mana yankan takarda. Sai a auna mutum, a zana bayansa da ƙirjinsa da hannayensa, a yanke kowanne daban, a ɗora kan yadi a soke da fil, sannan a bi gefe da almakashi. Ta ce wadda ta iya wannan ba za ta rasa abin yi ba. Wata ƙawata ta zauna koyarwa a makarantar, wata aka kai ta Kaduna inda ake ɗinka kayan asibiti. Ni ma an yi mini tayin Kadunan, Baba ya ce a'a. Akawuna sun fara neman kwat irin ta Turawa, shi kuwa wuyan kwat da hammatarta sun gagare shi.

Haka muka raba aikin. Shi ya auna mutum a zaure ya shigo mini da awon, ni in yanka a ɗaki da takardar da ake naɗe kaya a kanti, shi ya ɗinka da keken hannu. Yana ce mini Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma ba ya gajiya da nuna wa mutane aikina.

Akwai wani helma, wato shugaban leburori, a tashar jirgi, ƙato, mai bulala a hammata. Ya kawo yadi ya ce shi ma kwat yake so. Bayan an auna shi da 'yan kwanaki sai ciwon ƙirji ya kama shi, yana cewa kamar ana soka masa allura. Daga baya muka ji ya je wurin wani mai duba, an ce masa an yi siffarsa an soke.

Ran nan da hantsi Baba ya shigo ya ɗauki yadin helma da takardun a manne, har da almakashina, ya ce zai shimfiɗa a zaure ya goge gefen, dutse ma yana kan wuta. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa na ji sallamar helma, shi da ƙanensa.

"Tela, wannan fa?"

"Kwat ɗinka ce, maigida. Ba a haɗa ba tukuna."

"Wannan ƙirjin wa?"

Baba har da dariyarsa. "Naka mana. Ga bayanka, ga hannuwa. Daidai da kai, ba ragi."

"Wannan rubutun Nasaran kuma?"

"Sunanka ne, don kada ya gauraya da na wani."

Sai na ji keke ya faɗi, ƙarfe ya bugi ƙasa.

Na ruga ban ko yafa mayafi ba. Ƙanen ya riga ya danne Baba da gwiwa a baya, fuskarsa cikin tabarma. Helma ya taka masa hannun dama, ya ɗauko dutsen guga daga kan wuta ya sauke a kan yatsun. Gawayi ya watse. Na ji ƙarar ƙashi, irin ta karan dawa in an taka. Ya ɗaga ya sake saukewa. Baba bai yi ihu ba, wani gurnani ya yi da ban taɓa ji a bakin mutum ba, ga warin fata yana tashi.

Na ce, "Ni na yi! Ba shi ba ne, ni na yanka!"

Helma ya juyo. Idanunsa jajaye, zufa na zuba, hannu ɗaya dafe da ƙirji. A lokacin na gane shi ma tsoro yake ji, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Ya mare ni da bayan hannu, kaina ya bugi bango, haƙorina ya huda leɓe.

"'Yar boko. Wa ya aiko ki? Cikin leburorina ne?"

"Wallahi, Baba, awo ne kawai. Haka ake yi."

"Kada ki ce mini Baba."

Maƙwabta sun cika ƙofar zaure, ba wanda ya shigo. Na ji wata murya tana cewa ai dama an faɗa, yarinyar da aka miƙa wa Nasara. Helma ya ɗauki almakashina ya buɗe, ya ɗora tsinin a wuyan Baba.

"Warware abin da kika ƙulla."

Na durƙusa gaban yadin. Da farko na kai hannu zan yage takardar, ya daka mini tsawa da ta sa na sake ta. In na yaga, shi na yaga. In na jefa a wuta, shi na ƙona. Sai na fara zare fil ɗaya bayan ɗaya, jinin bakina na ɗiga kan yadinsa. Duk wanda na zare sai ya ja numfashi, almakashin ya motsa a wuyan Baba. Na ga ɗan jan layi ya fito yana gangarowa cikin gemunsa.

Da na gama ya nuna rubutun. Tsohon da ke sayar da goro a ƙofarmu ne ya ce, da muryar lallashi, "Maigida, rubutu ai wankewa ake yi. Ta wanke ta sha, in da sharri ya koma cikinta." Na san ceton mu yake nema. Aka kawo ƙwarya da ruwa, na jiƙa gefen takardar har tawada ta fita, na sha. Ɗanɗanon ƙarfe gare ta. Helma ya tsaya yana kallona ko zan faɗi. Da ban faɗi ba ya naɗe takardun a hankali kamar jariri, ya cusa cikin rigarsa, ya tsallake Baba ya fita.

Mai ɗori ya zo ya yi iyakar yinsa. Yatsu biyu sun ɗoru a karkace, babban ya ƙi lanƙwasuwa sam. Mun so kai ƙara wurin alƙali, amma kafin Baba ya iya tashi sai labari ya zo cewa helma ya warke. Ciwon ya sake shi kamar an cire ƙaya. Daga nan ba wanda zai tsaya mana shaida.

Matan unguwa suna janye 'ya'yansu in na wuce. Wasu kuma suna zuwa da sunan neman gishiri, su ja ni gefe. Wata ta kawo mini igiyar da ta auna inuwar wani da ita, ta ce in yanka mata shi, ko nawa ne. Na mayar mata da igiyar na rufe ƙofa.

Gurbin Kaduna an ba wata, kuma ko yana nan ba zan bar Baba ba. Yanzu ba na taɓa takarda. Da alli nake zana kai tsaye a kan yadi, in yanka, in kakkaɓe tun kafin wani ya shigo. Ni ke juya keken a ɗaki, an gyara shi amma yana cije zare. Baba yana zaure yana auna mutane da hagu, yana riƙe bakin igiyar awo da haƙori.

Jiya ya shigo da awon wani akawu, ya tsaya yana kallon yadda nake fitar da hammata. Ya miƙo hannun dama kamar zai gyara mini yadin, yatsun suka kasa ɗago shi daga tabarma. Ya mayar da hannun cikin riga.

Ya ce, "Ci gaba, Uwata. Ki dai share allin."