Karyar da Aka Kai Bakin Wuta

Gidanmu na farko a Greensboro ƙarami ne, a Glenwood, tsakanin gidajen haya na ɗalibai. Akwai murhun ɗumama ɗaki a falon, amma ba mu taɓa hura shi ba sai shekarar da aka kawo Kaka, mahaifiyar Baba. Ina da shekara goma sha ɗaya. An ƙone unguwarsu a wani rikici can gida, ta kwana biyu cikin kwalbati kafin a gano ta. Mun ji labarin, amma a kunnen yara labari ne kawai. Abin da muka gani shi ne tsohuwa siririya wadda hannunta ba ya daina rawa.

Baba ya ce sanyin Amurka ne. Ya sayo itace, kullum bayan abincin yamma sai ya hura wuta ya jawo kujerarta gaban murhu. Ita kuma a hankali take jan kujerar baya har ta jingina da bango, inda take iya ganin ƙofa. Daga nan take yi mana tatsuniya, ni da ƙanwata Rahila. Rahila da Turanci take amsa mata, Kaka ba ta taɓa gyara mata ba.

Akwai ɗaya da take yawan maimaitawa. Gobarar daji ta cinye bukkar wani maharbi, ƙaramar karyarsa ce kaɗai ta tsira. Ta shiga wani gari ta maƙale ƙarƙashin rumbu tana karkarwa. Mutanen garin masu kirki ne. Suka ce sanyi take ji, suka jawo ta da ƙafa suka ajiye ta bakin wuta. Ta koma ƙarƙashin rumbu. Suka ce yunwa ce, suka buɗe bakinta suka ɗura mata kunu. Suka ce kaɗaici ne, aka yi shela gari ya taru, kowa yana so ya shafa kanta. Ranar da ta nuna haƙora, sai suka ce butulu ce. Wata makauniya mai kaɗi ce kawai ba ta neme ta ba. Kullum takan zauna kusa da rumbun da mazarinta, ta yi aikinta, ta tashi.

Mukan tambaye ta daga nan sai me.

"Daga nan wata rana makauniya ta ji ɗumi a ƙafarta," in ji Kaka. "Ba ta ko sunkuya ba. Da ta sunkuya, da shi ke nan."

Mu dai wurin da muke jira shi ne inda take kwaikwayon karkarwar. Mukan yi ta dariya, muna cewa ba wanda ya iya ta kamar Kaka.

Kowace Lahadi bayan sujada gidan kan cika da masu jaje, matan zumunta da kulolin abinci, iyalai daga Sedgefield da garuruwan kusa. Haka muka gada, ba a barin wanda masifa ta same shi shi kaɗai. Kaka takan shige ɗaki ta ja labule. Mama takan bi ta, ta ce mutane sun tuƙo mota daga nesa, abin kunya ne su koma ba su gan ta ba. Sai a fito da ita a zaunar da ita a tsakiyar falo. Kowane sabon baƙo ya nemi jin yadda abin ya faru, ta faɗa, a ɗora mata hannuwa a ka, a yi addu'a da ƙarfi. Daga baya ta daina amsa gaisuwa, aka fara cewa tana da girman kai. Tatsuniyar ma ta tsaya. Kafin shekara ta zagayo ta roƙi a mayar da ita gida wurin ƙanwarta. Can ta rasu.

Bara na ɗauko wata karya daga gidan da ake tsugunar da karnukan da aka ƙwato daga masu azabtar da su. Ba ta fi kyanwa girma ba. Kwana uku tana ƙarƙashin gado tana rawar jiki, ba ta taɓa abinci ba. Likitar dabbobi ta duba ta, ta ce ba ciwo ba ne, ba sanyi ba ne, tsoro ne da bai gama fita daga jikinta ba. Ta ce kada in jawo ta, kada in zuba mata ido, kada in tara mata baƙi. In ajiye abinci, in zauna a ƙasa nesa kaɗan, in yi harkar gabana.

Da na fito daga wurin likitar, na daɗe cikin mota ban tayar da ita ba. Likitar ba ta gaya mini sabon abu ba. Na ji shi sau da dama cikin tatsuniyar Kaka a falonmu, Baba yana gyara itace, Mama tana kwashe kwanuka, dukanmu muna wurin. Ba mugunta muka yi wa Kaka ba. Mun yi mata duk abin da zai sa a ce mun kyauta, ba wanda ya tsaya ya duba ko shi take bukata.

A mako na uku, karyar ta fara cin abinci a gabana ke nan, Mama ta zo gidana da ƙawayenta biyu suna so su gan ta. Na tsaya a bakin ɗakin da karyar take na ce ba mai shiga. Mama ta dube ni sama da ƙasa.

"Saratu, a kan kare kike tare mini ƙofa? Ko kakarku ba a yi mata wannan gatan ba."

Na ce mata haka ne. Na ja ƙofar, na kai su falo, na haɗa musu shayi.