Mazubin Harsashin da Kaka ke Gogewa

Ina durƙushe ina walda a shagona na Birnin Kebbi, da hantsi, wayar ƙanwata ta shigo. Ta ce Kaka ta cika, jana'iza bayan azahar. Na kashe inji, na wanke hannu, na nufi tashar Argungu. A mota, bayan addu'a, abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: mahaifina da ƙanensa, Baffa Manu. Tun ina yaro ba sa ga-maciji saboda gonar fadama da kakanmu ya bari a Gulma. Ban san ko za su yarda su tsaya sahu ɗaya a kan gawar uwarsu ba.

Kakanmu maharbi ne. Bayan rasuwarsa bindigar ta bar gidan, amma Kaka ta riƙe mazubin harsashinsa. Ƙarfe ne mai ɓari biyu kamar awartaki, da rami a tsakiya inda ake zuba narkakkiyar dalma ta fito a dunƙule. Lokacin sanyi, bayan isha'i, takan hura wutar kara a tsakar gida mu zagaye ta, 'ya'yan Baba da na Baffa, don a wurinta babu wata gaba. Tana labari tana goge mazubin da tsumma da man kaɗe. In ta gama ta rufe shi, ta ɗaga saitin wuta, ta ce da ni, "Maigida, taho ka leƙa. Kana ganin haske?" In na ce babu, sai ta ce to yau na ci tuwona da haƙƙi, tunda miji ne ni da ba ya kawo cefane.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta mazubi ce. "Ga ta nan ta taho, wa ka tarbon ta?" Mu amsa cewa mu ne.

Wai wani maharbi ya mutu ya bar 'ya'ya biyu, kowa da bindigarsa, amma mazubi ɗaya. Wajen rabon gado babu wanda ya yarda a cuce shi, sai suka cire ƙusar da ta haɗa shi, kowa ya ɗauki ɓari guda. Babban ya soke nasa a rufin madafa, kunkunniya ta toshe shi. Ƙaramin ya jefa nasa bayan randa, tsatsa ta ci shi.

Shinkafa na fara nuna sai ga dorina ta fito daga gulbi tana kiwo a gonakin gari. Babban ya ɗura tsakuwa a bindiga ya harba, ƙaramin ya ɗura guntayen ƙarfe. A nan Kaka ke kumbura kumatu ta canza murya: "Dorina tac ce, 'Wane na wanga mai yi min susa? Ɗan ƙara nan wajen kunne, Allah shi yi ma albarka.'" Mu faɗi ƙasa don dariya.

Uwarsu ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta karɓo ɓarin kowa. Ta wanke su da lemun tsami da toka, ta haɗa, ta ɗaga saitin wuta, haske ya ratsa tsakani. Dalma za ta zube ke nan. Maganin shi ne a goga ɓari da ɓari da lallausan yashin gulbi, ita kuwa ba ta da ƙarfin hannu. Ta zaunar da su, kowa riƙe da nasa. Suka yi ta guga, kowa ya kau da kai, har wuya ya gaji da kansa ya juyo. Maƙeri ya sa sabuwar ƙusa. Aka ɗaga, babu haske. Harsashi ɗaya suka zuba. Ƙaramin ya ba da kafaɗarsa aka ɗora bindiga, babban ya harba, dorina ta faɗi. Gari ya ci nama, shinkafa ta shiga rumbu. Kaka ta tafa hannu ta ce tatsuniya ta ƙare, mai son kan kusu ya je ya tono.

Da ina yaro harbin nake jira. Sai da na kama sana'ar ƙarfe na san cewa ƙarafa biyu da suka daɗe a rabe ba sa komawa baki da baki sai an kankare wani abu daga kowanne. Daga baya kuma na tuna yadda take ɗaga murya a wannan tatsuniyar fiye da sauran. Sashen Baba na damanta, na Baffa na hagu, danga ce kawai tsakani.

Na isa Gulma ana daidaita sahu. Baba da Baffa Manu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. A maƙabarta Baba ya durƙusa ya jera itace da hannunsa, da ya gama gwiwa ta ƙi ɗaga shi. Baffa Manu ya miƙa masa hannu ya ce, "Kamo, Yaya." Baba ya kama. Tabarma ɗaya suka zauna karɓar gaisuwa, kwano ɗaya aka kai musu, suka cinye.

Maganar gonar dai har yau ba su zauna a kanta ba.