Itacen Pin a Ƙofar Shagon Kawu

Shekarun baya, ina shekarar ƙarshe a sashen noma na jami'a, malaminmu ya ba ni ƙananan itatuwan pin guda goma a tukwane. Itacen ƙasashen sanyi ne, ganyensa siri-siri kamar allura. Aikina in gano abin da hayaƙi da ƙarancin taki ke yi wa girmansu, kuma da wannan binciken zan kammala karatu. Biyar na bar su a unguwar Lamorde kusa da kogi, biyar na kai unguwar Kalley, ƙofar shagon kawuna tela, inda motoci ke cunkushewa, gurup ɗin maƙwabta kuma, wato janareta, na turnuƙe wurin da an ɗauke wuta.

Na gargaɗi Kawu: ruwa kawai, ba taki, ba komai. Duk Asabar nakan zo da ma'auni da littafi, ina hura hanci kamar wani babban masani.

Wata biyu, na Kalley suka tsaya cik. Allurorinsu suka yi ruwan ɗorawa, baƙin hayaƙi ya lulluɓe su. Ba zan ɓoye muku ba, murna na yi, don abin da nake son rubutawa ke nan.

Sai kuma suka fara farfaɗowa. Na tona ƙasar tukunya ɗaya, na tarar da kashin awaki. Ashe Kawu ne ya sa aka kawo masa daga gida, kuma kowace safiya sai ya jiƙa ƙyallen yadi ya goge ganyen kafin ya hau keken ɗinki. Raina ya ɓaci, na ɗaga masa murya a gaban mutane, na ce ya rusa min aikin shekara guda.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ɗana, baƙi ka kawo min. Ta yaya zan zauna ina kallon su suna shaƙewa a ƙofata?"

Na kwashe tukwanen, na kai sababbi wani wurin da ba mai tausayinsu. Can suka bushe yadda nake so, na ci jarrabawa har da yabo. Shagon Kawu kuwa na daɗe ban leƙa ba, wai ni mai zuciya.

Da na koma, Kawu ba ya iya kai ƙarshen magana sai ya tsaya ya huta. Likita ya ce huhunsa ne. Bai ga damina ta gaba ba, Allah ya jiƙansa.

Har yau abin yana ci min rai. Na rubuta shafi guda da Faransanci cewa iskar wannan titi ba ta dace da ƙaramin itace ba. Kawu ya shekara talatin yana shaƙar ta, kuma ko sau ɗaya ban zauna na faɗa masa da Hausa ba.